Taushin kalma ba ya yafe bashi

Kwanan baya wani Alhaji ɗan kasuwar Maraɗi ya kawo mini wasiƙar da abokin cinikinsa na Kano ya aiko masa cikin Ingilishi. A samanta an rubuta « gentle reminder ». Yaronsa, wanda ya yi lakol, ya riga ya shaida masa cewa gaisuwar kirki ce kurum, saboda haka Alhaji ya jefa takardar cikin akwati har mako uku. Alhali kuwa kuɗin kaya ake bin sa, wa'adin biya kuma ya wuce.

Ban ga laifin yaron ba. Duk wanda ya tashi da Faransanci, da ya ga « gentle » sai « gentil » ta faɗo masa a rai. Amma kama da wane ba wane ba ne, ko da yake uwarsu ɗaya. Tushensu kalmar Latin ce, « gens », wato dangi ko zuri'a. A tsohon Faransanci « gentil » na nufin ɗan babban gida. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a shekarar 1066, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, ita ma ta bi sahu wajen ƙarni na 13 da wannan ma'ana ta asali. Sannu a hankali ta tashi daga jinin mutum ta koma ga halinsa. Mu ma haka muka yi da « ɗan asali » : da muka faɗe ta, ladabi muke yabo, ba mu tambayi sunan kakan kowa ba.

Daga nan hanya ta rabu. Bafaranshe ya riƙe « gentil » ga mai kyautatawa. Bature ɗan Ingila kuwa ya ba « gentle » ma'anar abin da babu ƙarfi ko gaggawa a cikinsa : iska mai kaɗawa a hankali, gangaren da ba ya wahal da mota, dokin da ba ya harbi, sabulun da ba ya cin fata, likita mai sanyin hannu. Don haka ma'aikacin da ke son gode wa baƙon da ya yi masa alheri, « kind » ya kamata ya rubuta. In ya ce masa « gentle », taushin hali ya yaba, godiyar ba ta isa ba.

To, sai mu koma ga kasuwa, inda kuskure ke cin dukiya. Wasiƙar Alhaji tuni ce cikin lalama, irin ta farko da mai bin bashi ke aikowa kafin murya ta sake. Haka kuma « gentleman's agreement » alkawari ne na dattaku, wanda ya dogara ga mutuncin masu shi kaɗai. Ran da aka saɓa, da wuya alƙali ya sami abin kamawa. Mai tura buhu ɗari na wake ƙetaren iyaka bisa irin wannan alkawari, ya san abin da ya ɗauka.

Alhaji dai ya biya, ya haɗa da ban haƙuri, ciniki kuma bai yanke ba. Shawarata ita ce, duk takardar da ta ƙetaro daga Jibiya ko Kano, a nemi wanda ya san Ingilishi kanta ya karanta, kada a auna ta da mudun Faransanci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.