Juyen Baƙin Mai: Kada Mai Inji Ya Zama Baƙo Ga Injinsa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ranar Alhamis, watau ranar da kasuwar Shinkafi take ci, ba zai rasa ganin wata babbar mota a tsaye gefen titi ba, an buɗe mata baki, direba da yaransa sun yi jugum a inuwarta, kaya kuma suna shan rana. In aka tambayi abin da ya faru, sau da yawa amsar guda ce: inji ya buga. In kuwa aka bi diddigi, akan tarar cewa ba tsufa ne ya kashe injin ba, ba kuma sharrin maƙiya ba ne. Baƙin mai ne ya daɗe ba a juye shi ba, ko kuwa an juye da gurɓatacce, ko an karɓi kuɗin juyen ba a yi ba.

Rayuwar wannan yanki ta daɗe da rataya a wuyan injin dizal, wanda direbobi ke kira injin gas. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, aka riƙa kwasar gyada da auduga zuwa bakin teku, kuma daga 1955 aka fara shigo da kawunan jirgi masu shan dizal a Nijeriya. Da harkar jirgi ta ja baya, sai nauyin ya koma kan manyan motoci. Ban da su ga taraktocin noma, ga injunan niƙa da na casar shinkafa a Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu, ga janaretocin asibitoci da makarantu da gidajen ruwa. Ran da ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, ba mai shi kaɗai ke shan wahala ba. Matan unguwa su koma turmi, manomi ya rasa huɗar farko, majinyaci ya kwana cikin duhu.

Saboda haka ya wajaba ga duk wanda ya mallaki irin wannan inji, ko aka damƙa masa amanarsa a ofis, ya iya juye da hannunsa. In ma ba zai yi ba, to, ya san yadda ake yi har ya iya tsayawa a kan mai yi. Wannan ba ƙasƙanci ba ne ga mai ilmi, kuma ba cin amanar kanikawa ba ne.

Da farko dai ya kamata a fahimci dalilin da ya sa injin dizal ya fi na fetur wahalar da mai. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a 1897 ba ya aiki da fulogi. Iska yake matsewa ainun, ninki 15 zuwa 20 ko fiye, har ta yi zafin da in an feso dizal a cikinta sai ya kama da kansa. Wannan matsi yana tura ƙunar hayaƙi ta gefen ringi zuwa cikin mai, shi ya sa man injin dizal yake yin baƙi ƙirin bayan 'yan kwanaki kaɗan. Aikin man kuwa ba santsi kaɗai ba ne. Shi ne ke hana ƙarfe gogar ƙarfe, shi ke rage zafi, shi ke riƙe datti ya kai shi ga filta, shi ke kashe kaifin tsamin da farar wuta ta cikin dizal take haifarwa. Magungunan da aka zuba a cikinsa domin waɗannan ayyuka ƙarewa suke yi. Da zarar sun ƙare, abin da ya rage a cikin inji ya zama kamar kunun yashi.

Batun farar wuta ba ƙarami ba ne a wannan ɓangare na duniya. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta bayyana cewa dizal ɗin da ake kawowa Afirka ta Yamma yana ɗauke da farar wuta ninki ɗaruruwa bisa abin da dokar Turai ta yarda. A lokacin, ma'aunin Nijeriya ya amince da kashi 3,000 cikin miliyan, alhali na Turai kashi 10 ne kacal. An ƙarfafa doka daga baya, amma mai injin niƙa a ƙauyen Zurmi da ke sayen dizal a jarka ba shi da hanyar auna abin da aka ba shi. In aka haɗa wannan da ƙurar hunturu da zafin bazara, za a ga cewa injin da ke aiki a arewacin Zamfara yana cikin halin da masu ƙera injuna suke kira aiki mai tsanani, wanda suke ba da shawarar a gajarta masa wa'adin juye.

Wa'adin kansa yana rubuce a littafin da ke zuwa tare da kowane inji. Ga yawancin taraktoci da janaretoci da injunan da ake kafewa wuri guda, akan ce kimanin awa 250 na aiki. Lissafin mai sauƙi ne: injin niƙan da ke aiki awa 8 kullum zai cika wannan adadi cikin wata guda. Amma nawa ne daga cikin masu irin waɗannan injuna suke juye kowane wata? Abin da aka saba shi ne ciko. In mai ya ragu a ƙara, in ya sake raguwa a sake ƙarawa, har a shekara ba a kwance notin ƙasa ba. Ciko kuwa ba juye ba ne, kamar yadda zuba sabon ruwa a randar da ba a wanke ba ba ya tsabtace ta.

Akwai darasi a wajen mutanen Turai da Amurka masu motocin nan da aka gina wa ɗaki da madafi a ciki, waɗanda suke yawon hutu da su. Da yawa daga cikinsu sukan koyi juye da kansu, domin tafiya takan kai su nesa da gareji, kuma suna bin ƙa'idar cewa ko motar ba ta yi tafiya mai nisa ba, a juye mata mai sau ɗaya a shekara. Haka ya dace a yi wa taraktar da ke aiki da damina ta kwanta da rani. A juye mata kafin a ajiye ta, don kada tsohon mai ya kwana yana cin ƙarfe wata shida.

Uzurin nisa da gareji ya fi ƙarfi a nan. Daga Shinkafi zuwa Gusau ya haura kilomita 100, kuma kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyin wannan yanki. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, wanda bai iya kula da injinsa da kansa ba ya ga tasku. Motar da ta mutu tsakanin Zurmi da Jibiya ba asarar dukiya kaɗai take jawowa ba, rayukan da ke cikinta ma suna cikin haɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin kansa bai fi awa guda ba. A tayar da inji ya ɗan ɗumama na minti biyar zuwa goma, sa'an nan a kashe shi. In mota ce a tsayar da ita a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi weji, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tara kwano mai faɗi, a kwance notin ƙasan inji da sifanar da ta yi daidai da shi, a bar mai ya tsiyaye sarai. A cire tsohuwar filta a sa sabuwa, bayan an shafa wa robar bakinta ɗan sabon mai, a ɗaure ta da hannu. A mayar da noti da sabuwar washa, ba tare da an yi masa ɗaurin ƙarfi ba, domin in zarensa ya lalace an sayi wata wahalar. A zuba mai gwargwadon abin da littafi ya faɗa, a duba geji a ga ya tsaya tsakanin alamu biyu, gama wuce iyaka ma illa ne. A tayar da inji, a tabbata fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a leƙa ko akwai yoyo, a kashe, a sake duba geji. Al'adar nan ta ɗauraye cikin inji da kananzir kuwa gara a bar ta, don ragowarsa yana tsinka sabon mai.

Babbar ribar mai yin wannan da hannunsa ita ce abin da idonsa zai gani. In man da ya fito ya yi launin shayi da madara, ruwan lagireto yana shiga inji. In yana warin dizal, kuma geji yana hawa maimakon sauka, akwai matsala a nozul ko famfo. In akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe a gindin kwano, inji ya fara cin kansa. Duk waɗannan alamu ne da ke zuwa makonni kafin inji ya buga, kuma a nan ne ake garzayawa wurin bakanike.

Sai batun man da za a saya. A jikin galan na gaskiya akwai rubutu iri biyu. Na farko kauri ne, kamar SAE 40 ko 15W-40. Na biyu daraja ce ta API, inda harafin C a farko, kamar CH-4 ko CI-4, yake nufin na injin dizal, harafin S kuma na injin fetur. Wanda ya zuba man babur ko na ƙaramar mota a tarakta ya cuci kansa. Tun da farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, darajar Naira kuma ta faɗi daga 2023, jama'a da yawa sun koma sayen mai na awo a kwalba, wanda ba a san asalinsa ba. Wani tsurar mai ne da ba a zuba masa magani ko ɗaya ba, wani kuwa tsohon mai ne da aka tace aka mayar a galan. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama irin wannan jabu. A sayi galan mai hatimi a wurin dillalin da aka sani, a kuma huda galan ɗin bayan an gama don kada a sake cika shi. Araha ba ta ado.

Wasu za su ce wannan shawara za ta toshe wa kanikawa hanyar abinci, wasu kuma su ce ɗan koyo zai ɓata inji. Maganar ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga sababbin motoci masu kwamfuta ko waɗanda ke ƙarƙashin lamunin kamfani, kuma waɗannan a bar wa masu su. Amma mafi yawan injunan wannan yanki tsofaffi ne masu sauƙin sha'ani, kuma wanda ya tsaya kusa da gwani sau biyu ya iya. Game da ta farko, bakaniken kirki ba da juye yake ci ba. Ya fi son mai inji da zai zo masa da bayani tun ciwo yana ƙarami, a kan wanda zai jawo masa gawa sa'an nan ya zarge shi.

Ma'aikatan gwamnati su ne suka fi cancanta su ji wannan magana. Harabar ofisoshi da yawa ta zama maƙabartar taraktoci da motocin asibiti da janaretoci waɗanda ba su kai rabin shekarunsu ba. A da, kowace motar gwamnati tana da littafinta, inda ake rubuta tafiya da mai da ranar juye, babban jami'i ya sa hannu. Inda aka bar wannan littafi, takardar biyan kuɗin juye takan fita a kan kari, man kuwa yana nan yadda yake. Jami'in da ya san zaro geji da karanta jikin galan ba a yi masa wannan wasa. Ya kamata ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su mayar da wannan littafi tilas ga kowane inji nasu, a kuma riƙa dubansa kamar yadda ake duba littafin kuɗi.

Ɗalibai ma suna da rabo a ciki. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da malamai da ɗaliban aikin injiniya. Ba abin da zai hana a shirya gajeren horo na kwana biyu ko uku cikin Hausa, domin direbobi da masu injin niƙa da masu kula da janareta, tare da haɗin kan ƙungiyoyinsu. Ɗalibin da ya riƙe takardar difloma amma yana ƙyamar baƙin mai a hannunsa bai gama karatu ba.

Saura tsohon man da aka juye. Ba a zubar da shi a kwata, ko kusa da rijiya, ko a fadama. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda ɗaya yana iya ɓata galan miliyan na ruwan sha. Haka kuma shafa shi ga miki ko ƙazuwar dabba ganganci ne, gama yana ɗauke da guba, kuma yawan taɓa fata da shi yana da haɗari. Jihar da ta rasa yara fiye da 400 saboda gubar dalma a yankin Anka da Bukkuyum a 2010 ta riga ta san cewa abin da aka zuba a ƙasa yakan dawo ta cikin ƙwarya. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara, a miƙa wa masu sayensa.

Galan na mai, da filta, da sifana, da ɗan littafin rubuta kwanan wata, su ne duk abin da ake bukata. Kuɗinsu bai kai komi ba in an gwada da na sauke inji, balle da asarar damina guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai in yana ɗaga kai ya duba.