Uwar magunguna da ciwon damuwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a kasuwannin Madawa, Buza da Keita muna ganin masu maganin gargajiya sun baza saiwoyi a kan tabarma. Cikinsu akwai saiwar sanya, wadda kakanninmu suka laƙaba wa suna uwar magunguna. Ba a banza ta samu wannan suna ba. Amma yau muna so mu yi magana a kan masu jiƙa ta suna sha don maganin damuwa, domin a nan ne muke ganin haɗari.

Ciwon damuwa ciwo ne na gaskiya. Mutum ya yi sati biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, gona ma ba ya marmarin zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 4 cikin 100 suna fama da shi, kuma ya fi kama mata. Mun san matan da mazansu suka tafi cin rani suka bar musu gida da yara da rumbu wayam. Irin waɗannan sukan yi shiru da ciwonsu, don kada a ce sun zautu.

Masu ilimi ba su raina sanya ba. A shekara ta 2006, masu bincike na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ba ɓeraye ruwan saiwar, sa'an nan suka saka su cikin ruwa. Ɓeran da ya sha bai yi saurin saduda ba, ya daɗe yana ƙoƙarin fita. Haka magungunan damuwa na asibiti suke sa ɓera ya yi. Sun kuma ga saiwar tana rage zafin ciwo.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. Ɓera bai san bashi ba, bai san mutuwar ɗa ba. Kuma a wurin gwaji ana auna nauyin dabba, a auna magani daidai da shi. Mu kuwa da me muke awo? Da tafin hannu da ƙoƙo. Saiwar wannan itace ta fi ta wancan ƙarfi, mai saye kuma ba ya da hanyar ganewa.

Ku kankare saiwar ku shinshina, za ku ji ƙanshi irin na man zafi da ake shafa wa mai ciwon gaɓoɓi. Ƙanshin na wani sinadari ne mai suna metil salisilat, ɗan'uwan asfirin. A fata yana kwantar da ciwo. A ciki kuwa, idan ya yi yawa, guba ne: yana kawo amai, haki da ƙara a kunne. Ƙaramin cokali ɗaya na tsantsarsa yana iya kashe ƙaramin yaro. A wasu ƙasashen Afirka mata sun rasa rayukansu bayan sun yi amfani da saiwar don zubar da ciki. Saboda haka mace mai ciki da yaro ƙarami kada su sha ta ko kaɗan. Wanda kuma rayuwa ta isa har yana zancen mutuwa, bai kamata a ajiye masa ita a ɗaki ba.

Ra'ayinmu shi ne a kai mai damuwa gidan likita mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi asibitin Madawa, Buza ko Keita, ko babban asibitin Tawa. Maganin damuwa ba ya aiki rana ɗaya, yakan kai sati biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, don haka kada a yanke shi da wuri. A gaya wa ma'aikacin lafiya duk abin da aka riga aka sha, ba kunya. Dangi kuma su riƙa zama da marar lafiya suna sauraronsa.

Masu haƙar saiwa ma muna da magana da su. Sanya ta fi son ƙasashen kudu masu yawan ruwan sama, kuma ba ta da saurin girma. Mutanen da suka dasa layukan dogon yaro a ƙwarin Majiya tun 1975, da waɗanda suka yi aikin raya ƙasa na Keita daga 1984, sun san wahalar rayar da itace. Wanda zai ɗebi saiwa ya ɗebi gefe ɗaya kawai, ya mai da ƙasa ya rufe ramin.