Sai An Yi Kuka Ne Labari Zai Ci Sunansa?

In aka ce gem a majalisar bayan hostel, kowa ya san ƙwallo ake nufi ko harbe-harbe: PES, FIFA, Call of Duty, shi ke nan. Don haka na san akwai masu cewa ina ruwanmu da wani wasan kwamfuta da babu gol a cikinsa, babu bindiga, sai surutu da kiɗan fiyano. Ku dai yi haƙuri ku karanta. Amma ina gargaɗi tun yanzu, zan tona ƙarshen labarin.

A shekarar 2011 wani matashi ɗan asalin Chana mazaunin Kanada, mai suna Kan Gao, ya fitar da wasan To the Moon a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Freebird Games. Da wata manhaja mai sauƙi da ake kira RPG Maker ya haɗa shi, shi ya rubuta labarin, kuma shi ya tsara yawancin kiɗan. Labarin wasu likitoci biyu ne, Eva Rosalene da Neil Watts, ma'aikatan wani kamfani mai suna Sigmund. Aikinsu shi ne su shiga ƙwaƙwalwar wanda ke gargarar mutuwa da na'ura, su sauya abubuwan da yake tunawa, don ya bar duniya yana ganin ya cika burinsa. Majinyacin farko, tsoho Johnny, so yake ya je duniyar wata, kuma shi kansa bai san dalili ba. Sai da aka tono rayuwarsa har zuwa ƙuruciya aka gano cewa wani alkawari ne da ya yi wa matarsa River tun suna yara, ya manta, ita kuwa ba ta manta ba har ta rasu. Wasan ya yi suna da sa mutane kuka, kuma shafin GameSpot ya ba shi kyautar labari mafi kyau na wannan shekarar.

Shekara shida bayan haka, a watan Disamba na 2017, na biyun ya fito: Finding Paradise. Masu sharhi sun karɓe shi hannu bibbiyu, sun yabi rubutun da kiɗan. Sai dai in ka bi sharhin da hirarrakin 'yan wasa, abu biyu ne ke ta dawowa. Na farko, wai ɓangaren wasan ya yi ƙaranci, kana tafiya ne kawai kana karatu. Na biyu, wanda shi ne ya dame ni: ya sa ka kuka kamar na farko ko bai sa ba?

Ƙorafin farko, gaskiya, ba zan musa ba. Akwai 'yan wasannin jera alamomi da ake yi kafin a tsallaka daga wani tunani zuwa wani, kuma ba su ƙara komai ba sai ɓata lokaci. Dab da ƙarshe ma an cusa wani fagen faɗa na barkwanci a daidai lokacin da zuciyarka ke wani wurin. Wanda ya biya kuɗinsa don ya gwada saurin yatsunsa yana da hujjar jin an cuce shi.

Amma auna labari da yawan hawaye, wannan kam ban yarda da shi ba. Mun san wannan ma'aunin ai. Shi ne dai wanda ake yi wa fim a ɗakin kwanan ɗalibai: “Kai, fim ɗin nan ya yi, har da ni sai da na yi ƙwalla.” To in dai kuka ne, a kashe uwar jarumi a minti na goma, a sa sarewa, an gama. Sa mutum kuka ba wuya.

Dubi abin da Gao ya yi a na biyun. Majinyacin, Colin, tsohon matuƙin jirgin sama ne. Yana da mata, Sofia, da ɗa, Asher, kuma suna ƙaunarsa. Babu wani babban bala'i a rayuwarsa irin na Johnny. Buƙatar da ya kai wa kamfanin ma abin dariya ce in ka fara ji: a sa ya mutu ba tare da nadama ba, amma kada a taɓa iyalinsa, kada a sauya komai sai abin da ya zama dole. Yaya za a gyara rayuwar da mai ita bai iya nuna inda ta lalace ba? Matarsa kuwa na zaune a gidan, ranta a ɓace, tana tambayar kanta me ta rage shi da shi da har zai nemi a sake masa wata rayuwa. Wannan zaman nata ya fi tsaya mini a rai fiye da duk wani fage na To the Moon.

Hatta yadda likitocin ke tafiya a cikin tunaninsa ya bambanta. A na farko daga tsufa ake gangarowa zuwa ƙuruciya a jere. A nan kuwa sai ka yi tsalle daga tsufa zuwa yarinta, ka dawo, ka koma, kana kewayawa har ka iso tsakiyar rayuwar, inda sirrin yake. Sirrin shi ne Faye, yarinyar da ta taso tare da Colin, ta ƙarfafa masa gwiwa ya koyi kiɗa da tuƙin jirgi. Ashe babu ita. Yaro ne da iyayensa ba sa zama a gida, kaɗaici ya ishe shi, ya ƙirƙire ta a ransa yana rubuta ta a wani littafi.

Maganin da aka samu a ƙarshe shi ne abin da ya sa nake ganin na biyun ya fi na farko ƙarfin hali. Ba a ba Colin sabuwar rayuwa ba. Abin da aka goge daga tunaninsa shi ne sanin cewa akwai kamfanin Sigmund. Wato tun ranar da ya ji cewa ana iya sake wa mutum rayuwa, ƙananan abubuwan da ya riga ya haƙura da su suka fara yi masa ciwo. Ka ga ke nan marubucin ya juyo ya tuhumi ainihin abin da ya ɗaukaka shi a 2011. A To the Moon mun yi ta tafi ana shafe gaskiyar rayuwar Johnny ana ɗora masa mafarki, ba mu tsaya mun tambaya ko hakan daidai ne ba. Na biyun ya tilasta mana tambayar. Mai neman ya sake jin irin kukan da ya yi a karon farko dole ya ga kamar an rage masa wani abu, tunda ba abin da aka dafa masa ke nan ba.

Kuma kada wani ya ce wannan matsalar tsofaffin Turawa ce. Mu nawa ne a makarantar nan muke lafiya lau da kwas ɗinmu, sai da muka buɗe waya muka ga abokin sakandare ya sa hoto a wata jami'a, nan take ND ɗin ta fara yi mana ɗaci? Ba abin da ya sauya a ajinmu tsakanin jiya da yau, illa dai mun ga wata rayuwar da muke zaton da ita ce tamu. Ciwon Colin ke nan, kuma ban ga sharhin da ya tsaya ƙirga hawaye ya kai ga wannan wurin ba.

Ga 'yan sashen kwamfuta da ke ta kukan rashin kayan aiki kuwa, wasan nan hotunansa irin na gem ɗin da ne, 'yan ɗigo-ɗigo, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. Cikin awa biyar ko ƙasa da haka za ka gama. In za ka gwada, fara da To the Moon, don na biyun da shi yake jayayya. Sannan ka sa abin ji a kunne, saboda da hayaniyar hostel ba za ka ji fiyanon ba.