Raddi ga masu cewa yarda da gazawa a gaban giya ragwanci ne

Wasu masu sharhi suna sukar matakin farko cikin matakai goma sha biyu na ƙungiyar masu son daina shan giya, wato Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Matakin shi ne mashayi ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ragamar rayuwarsa ta kuɓuce masa. Hujjojin masu sukar huɗu ne.

Ta farko, sun ce wannan karya gwiwa ne. Amsa ita ce gazawar da ake nufi tana da iyaka. Ba a ce mutumin ba ya iya komai ba. An ce idan ya kurɓi kofin farko, tsayawa ba ta hannunsa. Mai cewa "kwalba ɗaya kawai" ya sha gwada ikonsa, ya sha kaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta biyu, sun ce ƙarfin zuciya ya isa. Wannan magana tana iya kisa. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya yanke ta farat ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa, jijjiga da gane-gane, har ya rasa ransa. Sai wanda ya yarda abin ya fi ƙarfinsa ne zai nemi likita.

Ta uku, sun ce an ba mashayi uzuri. Da sun karanta matakan goma sha biyun, da sun ga na takwas da na tara suna ɗora masa lissafa waɗanda ya cuta, ya je ya gyara ɓarnar. Musulmi ya san tuba ma haka take: nadama, dainawa, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi. Babu mai nadama kan laifin da yake musantawa.

Ta huɗu, sun ce babu shaidar kimiyya. A 2020 cibiyar Cochrane ta tace bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta gano tsarin ƙungiyar yana kai mutane ga daina sha ɗungurungum daidai da sauran hanyoyin jinya, wani lokaci ma fiye.

Ba mu ce hanyar ita kaɗai ce ba, akwai magunguna da shawarar ƙwararru. Amma kowacce tana buƙatar majinyaci ya fara cewa yana da ciwo. In ɗan'uwanku ya furta haka, kada ku kira shi rago, ku raka shi asibiti.