Ra'ayinmu: Maigida, ka taɓa kai uwargida Gadabeji?

Wata sabuwar al'ada ta kunno kai a garuruwanmu cikin 'yan shekarun nan, musamman a tsakanin ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da kuma matasan 'yan kasuwa, wato murnar zagayowar ranar aure. Duk mai leƙa Facebook ko WhatsApp ya san yadda abin yake gudana. Za a ɗinka sababbin kaya iri ɗaya, a sayo kek, a shiga shagon mai hoto a jera, sannan a watsa wa duniya ta gani, 'yan uwa da abokan arziki su yi ta zuba addu'a. Kafin la'asar an gama, maigida ya koma fada wajen abokansa ana dafa shayi, ita kuwa uwargida ta koma bakin murhu.

Mun san malamai sun sha bamban game da wannan al'ada, wasu na ganin koyi ne da baƙi, wasu kuma na ganin ba ta shafi ibada ba, kuma ba hurumin wannan jarida ba ne ta yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ake kashe kuɗi a kan hoton kwana ɗaya, alhali da kuɗin nan mutum zai iya ɗaukar matarsa daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi su zagaya ƙasar da aka haife su a cikinta, wadda da yawa daga cikinsu ba su san ta ba.

Kamar yadda kowa ya sani, namijin jihar Maraɗi ba baƙon tafiya ba ne. Cin rani da fatauci sun kai shi Kano da Legas da Agadas, wasu har Tamanrasat da Sabha. Amma ka tambayi matarsa ina ta taɓa zuwa, za ka taras ba ta wuce gidan biki da gidan gaisuwar mutuwa da asibitin haihuwa ba. Ka tambaye su su biyun yaushe rabon da su zauna su kaɗai na tsawon yini guda, babu kukan yaro, babu sallamar baƙo, babu maganar kuɗin cefane, sai ka ji shiru. Alƙalai da malamai da sarakunan da ake kai wa ƙarar ma'aurata sun fi kowa sanin cewa aure da dama ba yunwa ce ke kashe su ba, rashin zama a yi hira ne, har ƙaramar magana ta taru ta zama babba.

To ina za a je? Mu ɗauki gundumar Dakoro kaɗai. Daga birnin Maraɗi zuwa garin Dakoro tafiyar kimanin kilomita 120 ce, a kan kwaltar da ta tashi daga wajen Tsibiri, wadda aka shimfiɗa da taimakon Bankin Raya Ƙasashen Afirka. Tsibiri kanta wurin tsayawa ce, domin nan ne fadar Sarkin Gobir, garin da Sarki Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Idan aka miƙa arewa ta ƙasar Kornaka, kafin a kai ga Dakoro ana cikin ƙasar da Birnin Lalle yake, inda tarihin Gobirawa ya nuna sun yada zango suka yi sarauta bayan fitowarsu daga Azbin, tun kafin a yi zancen Alƙalawa. Bagobiri nawa ne a Maraɗi ko Sabon Birni ko Isa da ke alfahari da zanen fuskarsa ya taɓa taka Birnin Lalle, balle ya kai iyalinsa?

Gaba da Dakoro kuma ga kwarin Tarka. Wanda ya tsallaka shi da idonsa a buɗe zai ga yadda gonakin gero da wake ke ja da baya, makiyaya ke karɓar fili. A wannan yanki ne iyakar da dokar 1961 ta shata wa noma daga arewa ta ratsa, kuma a kan wannan iyaka ne ake ta jayayya tsakanin manoma da makiyaya shekara da shekaru, saboda yawan jama'a ya tura gonaki sun haura ta. Mutumin birni da ke jin labarin rikicin a rediyo yana yanke hukunci daga kan tabarmarsa, da zai tsaya a bakin rijiya ɗaya ta makiyaya ya ga yadda ake jan ruwa da raƙumi ko jakuna, garke na jiran layi tun hantsi, da ya rage saurin baki.

Amma babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gandun dajin Gadabeji, wanda a yau yake cikin gundumar Bermo, bayan an cire ta daga Dakoro a 2011. Tun 1955 aka keɓe wannan daji mai faɗin eka dubu 76 ta ma'aunin hekta, wato ya girmi gandun Yankari na jihar Bauci da shekara guda. A da can akwai mariri da jimina da raƙuman dawa a cikinsa, sai farauta da farin shekarun 1970 suka share su, aka bar barewa da dila da jan biri da tsuntsaye. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren da duniya ta amince a kare halittunsu tare da mutanen da ke rayuwa a kewayensu. A watan Nuwamban 2018 kuma aka yi abin da dattawan yankin ba su zaci za su sake gani ba, aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure da ke kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a cikin manyan motoci, aka sake su a Gadabeji bayan kusan shekara 50 da ɓacewarsu. A 2022 aka ƙaro wasu 4, kuma sun karɓi wurin har sun fara haihuwa.

Domin mai karatu ya gane darajar abin, irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma babu inda ya rage a daji duk duniya sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka saura. Kulawar hukuma da haƙurin manoman da dabbobin ke ci wa wake suka sa adadinsu ya haura 600 kafin 2018. Abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi daga Faransa ko Jamus ya zo ya gani, ga shi a bayan gidanmu.

Sai dai kash, Baturen ya daina zuwa. Tun ranar 9 ga Agustan 2020 da 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji tare da direbansu da ɗan jagoransu 'yan Nijar a yankin Kure, harkar yawon buɗe ido ta baƙi ta durƙushe. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da tsamin dangantakar da ya biyo baya da ƙasashen Yamma, da sace wasu Turawa mata biyu a Agadas a 2025, sun ƙarasa abin da ya rage. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: dajin da babu mai zuwa kallonsa, babu mai cin abinci ta dalilinsa, ba ya daɗewa. Makiyayin da aka hana shiga da garkensa a shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci zai tambaya wa ake ajiye wa, kuma tambayarsa tana kan hanya. Idan matan Fulani da Buzaye na kewayen suna sayar da nono da cuku da tabarmi ga masu ziyara, idan saurayin ƙauyen yana samun na kashewa ta hanyar yi musu jagora, to su da kansu za su zama masu gadin dabbobin. Tunda baƙin waje sun ɗauke ƙafa, saura mu 'yan gida.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan sanabe ne na 'yan boko, kuma duk wanda aka gani da matarsa a gaban mota suna yawon shan iska, gobe a fada za a sa masa suna mijin-ta-ce. A nan muna tunatar da su cewa ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan yi tafiya da iyalinsa, yakan yi ƙuri'a a tsakanin matansa domin fitar da wadda za ta raka shi, har ma ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a kan hanya. Saboda haka mai mata biyu ko uku ma ba shi da uzuri, an riga an nuna masa yadda zai yi adalci. Kunya ado ce a wurinmu, babu mai musun haka, amma kunyar da za ta hana mutum zama da halalinsa a inuwar aduwa su ci guzuri tare, alhali ba ta hana shi ɗaga mata murya a gaban yara ba, akwai gyara a cikinta.

Batun kuɗi kuwa, lissafi ne mai sauƙi. A kan farashin Sefa 499 da gwamnati ta mayar da litar man fetur a 2024, ƙaramar mota mai shan lita 10 a kilomita 100 za ta kai mutum Dakoro daga Maraɗi ta dawo da shi a kan abin da bai kai jika 13 ba. Sau nawa ake kashe fiye da haka a kan ɗinkin anko ɗaya? Wanda ba shi da mota ga motocin haya a tasha, kuma da wuya Bahaushen Maraɗi ya rasa ɗan uwa ko aminin da zai sauke shi a Dakoro. Shiga dajin kansa ne ke buƙatar mota mai ƙarfin rairayi, wannan kuwa gida biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su ɗauka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana ba ta yi zafi ba, hatsi yana rumbu.

Ba za mu yaudari kowa ba game da tsaro. Mutanen Dakoro ba su manta da daren Oktoban 2012 ba, lokacin da aka shigo har cikin gari aka sace ma'aikatan agaji 6, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙasar Chadi ya rasa ransa. A kudancin jihar kuma, tun 2019 'yan bindigar kan iyaka suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, abin da ya sa duk mai son ziyartar tabkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ake dangantawa da shi sai ya yi tambaya kafin ya kama hanya. Don haka duk mai niyya ya fara tuntuɓar jami'an gandun daji da jandarmomi, ya yi tafiyarsa da rana, kada ya kutsa daji ba tare da ɗan jagora ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Nauyin da ya rage yana wuyan hukumomi. Muna kira ga ma'aikatar yawon buɗe ido da ta muhalli da su daina tsara wuraren nan kamar don baƙi kaɗai aka yi su. Lokacin da cutar korona ta hana Turawa zuwa Kenya a 2020, hukumar gandun dajin ƙasar rage kuɗin shiga ta yi domin ta jawo 'yan gida. A Yankari kuma ɗakunan kwanan da ke kusa da ruwan ɗumi na Wikki ne suka sa iyalai daga Kano da Jos ke zuwa hutu. Abin da mai iyali ke nema bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai tsabta da ƙofa mai kulle, makewayi da ruwan alwala, wurin salla, da farashin da aka rubuta a allo da Hausa, wanda ba zai canza ba don an ga mutum da mota. Su ma jami'an da ke shingayen hanya a ja musu kunne, su duba takardu cikin mutunci, domin mutumin da aka wulaƙanta a gaban matarsa sau ɗaya ba zai sake fitowa da ita ba.

Haka nan muna kira ga hukumomin garuruwan Dakoro da Bermo da Birnin Lalle, tare da sarakunan gargajiya, da su zauna kafin sanyin bana su fitar da lambar waya ɗaya da mai son ziyara zai kira ya ji halin da hanya take ciki, nawa ne kuɗin ɗan jagora, kuma ina zai kwana da iyalinsa, sannan a riƙa sanar da ita a gidajen rediyon jihar da Hausa da Fulatanci da Buzanci.