Lafiya Uwar Jiki: Bayan an leƙa ciki da na'ura, kada a yi saurin kama hanya

Yau zan yi magana kan gwajin da likitoci ke kira endoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba maƙoshi, tumbi da farkon hanji. Masu fama da gyambon ciki ko wahalar haɗiya sun san shi.

Gwajin yana da amfani ƙwarai, kada wani ya guje masa don tsoro. Sai dai akwai matsalar da ake samu jefi-jefi: bututun ya huda bangon maƙoshi ko na hanji. Idan dubawa kawai aka yi, da wuya a samu mutum ɗaya cikin dubbai. Haɗarin ya fi yawa idan an haɗa da wani aiki, kamar buɗa maƙoshin da ya tsuke ko ciro ƙashin da ya maƙale. In wuri ya huje, abinci da ƙwayoyin cuta sai su kwarara cikin ƙirji ko ciki, su haddasa ruɓa.

Ɗan kaushin maƙogwaro da kumburin ciki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Alamomin da ba a wasa da su su ne ciwo mai tsanani a wuya, ƙirji, baya ko ciki wanda ke ƙaruwa, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, numfashi da ƙyar, ko wuya ya kumbura, in an taɓa a ji fatar tana ƙas-ƙas saboda iska ta shiga ƙarƙashinta.

Da an ga haka, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ci komai, kada a sha ko ruwa, balle jiƙon kanwa. Likita zai ɗauki hoton CT, ya sa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ƙaramar huda ana iya rufe ta da ɗan matsi na ƙarfe ta cikin na'urar, ko a sa bututun da zai toshe wurin. Babba kuwa sai tiyata. Wanda aka gano tasa cikin awa 24 na farko ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Nan ne nake ja mana kunne. Mun saba da a gama da asibiti da safe, da yamma mu hau motar Kumasi ko Duwala don kada kaya su kwana. Alhaji, kaya za su jira. Ka kwana a garin da aka yi maka gwajin, kada ka tuƙa mota ranar in an yi maka allurar barci, ka karɓi takardar sakamako da lambar wayar asibitin. Hajiya, ke ma ki sa ido a kansa daren nan.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a kasuwa.