'Yan Kasuwar Jibiya, Kwaɗo Ɗaya Ba Ya Tsare Shago

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, don in ja hankalin 'yan'uwana masu saye da sayarwa tsakanin Magama, Ɗan Issa da Maraɗi.

Jama'a, tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ciniki ya koma cikin waya. Hoton kaya, lissafin bashi, maganar abokin hulɗa, duk suna ciki. Amma da yawanmu lambar sirrinmu shekarar haihuwa ce, ko wadda yaron shagon caji ya sa mana. Ɓarawo na samunta sai ya shige Facebook ko Gmail ɗin mutum, ya riƙa karɓar kuɗi da sunansa. Dukiya ta tafi, mutunci ya zube.

Maganin abin shi ne kwaɗo na biyu, wato bayan lambar sirri a sake neman wata lamba kafin ƙofa ta buɗe. Yawanci ta saƙon tes ake aiko ta, to amma mu mutanen bakin iyaka mun san halin tes. Ka tsallaka Nijar ka sa layin can, saƙon da aka tura layinka na gida ba zai iske ka ba. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Ga kuma 'yan damfara masu sabunta layin mutum da sunansa, saƙonninsa su koma hannunsu.

Shi ya sa nake ganin manhajar tantancewa ta fi, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, kuma kyauta ne. Ka shiga sashen tsaro na asusunka, ka haɗa shi da ita sau ɗaya. Daga nan ita ke fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30. Ba ruwanta da layi ko sabis, agogon waya dai ya kasance daidai. Sai dai buɗe asusun kansa yana son intanet, ko da na layin Nijar ne.

Wani zai ce, to in wayar ta ɓata fa? Gaskiya ne. Don haka ake ba da lambobin ajiya, Google ma guda 10 yake bayarwa. A rubuta su a takarda, a adana a gida tare da takardun gona. Mai WhatsApp kuwa ya sa tasa lambar sirrin mai alƙaluma 6 a cikin saitinsa. Mai ƙaramar waya ya riƙe tes ɗin, da babu gara ba daɗi.

Abu na ƙarshe, kada ka karanta wa kowa lambar nan, ko ya rantse daga banki yake. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su sa yaranmu masu ilimi su koya wa dattawa ranar kasuwa, amma mai waya shi zai danna da hannunsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a nema, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan tireda,
Magama, Jibiya, Jihar Katsina.